Tauraron Gwangwani

Ranar sunan 'yar Nasiru ina zaune a ɗaki, ina jin ku a tsakar gida kuna ba baƙi labarin kakanku. Nasiru ne ya ɗauko shi kamar kullum, har da miƙewa tsaye: wai Malam da tsufansa ya leƙa madubin hangen nesa sau ɗaya tak, ya auna tauraro daidai, ya kayar da Liman, ya kayar da Sarkin Noma. Baƙi suka ɗauki kabbara. Ni kuwa sai na ajiye kunun da ke hannuna. Labarin nan ni na haife shi, ni na raine shi har ya yi gemu, kuma rabinsa ƙarya ne. Tunda gwiwoyina sun fara yi mini sallama, gara ku ji daga bakina. Ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni, musamman kai Nasiru mai baki kamar reza.

Malam, mahaifina, mutumin Horo Birni ne, can ƙasar Shagari, kuma abin da aka san shi da shi lissafin taurari. Ba duba ba, kada ku ɓata masa suna. Taurari ashirin da takwas ne suke zagaya shekara, kowanne da kwanakinsa, shi kuwa ya san su kamar yadda na san ku. In an idar da sallar asuba yakan tsaya bayan masallaci ya fuskanci gabas, ya ga wanda ya fito, ya gwada da lissafin da ke kansa. Manoma su zo su durƙusa su tambaye shi ko ruwan jiya na shuka ne ko na yaudara, ko lokacin yafa irin albasa ya yi. Ba ya karɓar ko ƙwayar gero. Mutuncinsa duka a idonsa yake, har mutane kan ce abin da Malam ya gani ba ya buƙatar shaida.

Ni ce 'yarsa ta fari, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban fuskata ya yi mini magana ba. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwarsa, Gwaggo Ige, a Bodinga, ita ta riƙe ni, ita ta sa ni boko, ita ta tsaya kai da fata har na zama malamar kimiyya. In na je Horo Birni nakan durƙusa daga bakin zaure in gaishe shi, shi kuma ya juya wajen Gwaggo ya ce:

"Ige, ta wajenki tana lahiya?"

Ga ni nan a gabansa, amma Gwaggo ce za ta amsa. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don na san kara ce, ba ƙiyayya ba. Duk kaka buhun geron farko gidana yake zuwa, ba saƙo ba bayani. Sai dai akwai ranar da kara takan zama katanga, ranar kuwa ta zo mana.

Kafin in kai can, sai kun fahimci gwangwanin. A shekarar da abin ya faru na tono wani tsohon madubin hangen nesa a ɗakin ajiyar makarantarmu, gizo-gizo ya yi gida a bakinsa. Ina koyar da 'yan mata darasin haske, sai na gaya musu cewa masana sun auna faɗin tauraro daga nan ƙasa. Wata mai tsiwa ta ce ƙaƙa, Malama, tunda ko a cikin madubi ɗigo ne kawai? Gaskiyarta. Tauraro ya yi nisan da duk girman madubinka ɗigo za ka gani. Dabarar ita ce a rufe bakin madubin, a bar tsaga biyu kawai. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. In kun jefa tsakuwa biyu a tafki, inda igiyoyin suka haɗu wani wuri su taru su yi tudu, wani wuri su kashe juna ruwan ya kwanta. Haka hasken da ya shigo ta tsaga biyu yake yi, sai ka ga ɗigon ya fito da layuka, fari da baƙi, kamar haƙoran mataji. To kowane gefe na tauraron yana shimfiɗa nasa layukan. In tsagogin suna kusa da juna, layukan sukan hau kan juna su fito sarai. In kana ta nisanta tsagogin, farin wannan gefe sai ya faɗa kan baƙin wancan, layukan su dushe, su ɓace. Tauraro mai faɗi da wuri nasa ke ɓacewa, siriri sai an buɗa da yawa. Ka auna tazarar da suka ɓace, ka yi lissafi, ga faɗin tauraro yadda yake bayyana daga nan. Na gaskiya na sama sai an raba madubai da nisa sosai, shi ya sa masu abin suke gina nasu a kan duwatsu, su haɗa hasken madubi da madubi. Ta haka aka auna Ƙalbu, jan tauraron nan da ke cikin lissafin Malam.

Madubinmu bai isa ya auna na sama ba, don haka na ce mu yi namu. Babanku, Allah ya jiƙansa, tela ne a kasuwar Bodinga, kuma hannunsa bai san karkace ba. Shi ya yanka mini baƙin kwali da reza, ya yi tsagogi biyu masu zamewa, ya ɗinka alama takwas da farin zare a gefe don a riƙa ƙirga tazara. Ya ɗauki gwangwanin madara ya huda gindinsa da allurarsa mafi siranta, muka cusa tocila a ciki. In aka ajiye shi a ɗaki mai duhu, aka ja baya taku arba'in, tauraro ne sak, ko da rana tsaka. Ranar da 'yan matan nan suka ga layukan sun ɓace a idonsu, ihun da suka yi sai da shugabar makaranta ta fito ba takalmi.

Ana cikin haka, bayan an gama yankan gero, Gwaggo Ige ta dawo daga Horo Birni ta faɗo gidana ko mayafi ba ta cire ba.

"Kulu, idon babanki ya tahi."

Na ce wane irin ya tafi?

"Gabana yaz zuba hura gefen ƙwarya. Nic ce mai, Yaya, mi as sami idonka? Yac ce in kama bakina. Ƙannenki sun yi mai maganar asibiti, yak kore su kamar awaki. Shi wai lahiya lau shika gani."

Ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Gwaggo ta rage murya ta ce ta ji ƙishin-ƙishin ya aika a ɓoye a kira masa wani mai maganin ido da ke bin kasuwanni, irin masu soka tsinke su ture yanar da ta rufe gani zuwa cikin ido, kuma mutumin zai iso Shagari kasuwa biyu masu zuwa. Na san aikinsu. Akwai maƙwabcinmu da aka yi wa, ya ga haske na sati guda, daga nan idon ya kumbura ya mutu. Malam ya fi son wannan don za a yi shi a bayan ɗaki, ba wanda zai ji. Mutumin da garinsa ke rantsuwa da idonsa, ina zai iya hawa mota a gaban jama'a a ce an kai shi asibitin ido?

Kwana na yi ina juyi. Ƙannena da yake magana da su ya kore su, balle ni da ko gaisuwata sai an yi mini tafinta? Sai shaiɗan, ko in ce wayon boko, ya kawo mini dabara. Na san labarin gwangwanina ya kai kunnensa, don Gwaggo ta ce da aka gaya masa dariya ya yi ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tauraro kuma ƙirga shi ake yi, ba a auna shi. Na ce to zan kai masa ya gani, na aika masa da ranar ta bakin Gwaggo. Mu huɗu kawai: shi, ni, Gwaggo, da babanku. Na shirya da babanku cewa shi zai tsaya wajen gwangwani, in Malam ya sa ido a madubi, na ɗaga hannu na taɓa kaina, ya zare tocilar. In Malam ya ci gaba da cewa yana ganin layuka alhali ba wuta, shi ke nan, Gwaggo ta kama shi dumu-dumu, ba shi da sauran musu. Babanku bai so ba.

"Kulu, surukina na hwa. Tarko za ki ɗana ma tsoho?"

Na ce masa in yana da wata dabarar ya kawo, in babu ya ɗauko gwangwani. Kun san halina. Ya ɗauko.

Muka isa Horo Birni da hantsi, don in ƙasa ta yi zafi iska takan yi rawa ta ɓata layukan. Muna karyo kwanar gidan sai na ga taro. An shimfiɗa tabarmi uku a gindin itacen bedi. Ga Liman, ga Sarkin Noma, ga dattawan unguwa sun fi goma, Malam a tsakiyarsu ya sha farar riga da rawanin da sai Sallah yake naɗawa. Ashe tun jiya ya aika gida-gida. Ina durƙushe na ji yana ce wa Liman:

"Ta wajen Ige ta za ta gwada muna yadda aka auna tauraro. Sun ce duk ƙasag ga babu mai irin karatunta."

Wallahi ban taɓa sanin yana alfahari da ni ba sai ranar. A zuciyata na ce tarko ya tashi, ba zan taɓa kunyata shi a gaban mutanen nan ba. Na waiga in gaya wa babanku, ashe shi tun da ya hango surukinsa ya cire takalmi, ya gaisar daga nesa, ya sulale da gwangwaninsa zuwa zauren maƙwabta, can taku arba'in. Mace kuma ba ta tashi a gaban dattawa ta bi mijinta da gudu tana raɗa. Na ce ba komai, ai sai na taɓa kai zai zare, ni kuwa ba zan taɓa ba.

Na kafa madubi a kan ƙafafunsa, na yi musu bayani da tsakuwa biyu da tafki. Na rubuta amsar lissafina a takarda, na ninke, na ba Gwaggo ta miƙa wa Liman ya riƙe. Malam ya ce baƙi su fara. Liman ya sa ido, ya yi salati, ya ce ga su nan kuwa kamar an tsefe. Na riƙa jan kwali ina ƙirga alamun zare da ƙarfi, ina kai biyar ya ce sun ɓace. Sarkin Noma ya karɓa, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya yi ta nishi, sai a bakwai ya yarda sun tafi. Gardama ta kaure, wannan ya ce wancan makaho ne, wancan ya ce wannan gaggawa gare shi ko a sallar tarawihi. Ana ta dariya. Sai aka ce to Malam ya raba gardama.

Ya taso a hankali. Ni da na san abin da nake nema, na ga yadda ya bi gefen tabarma da yatsan ƙafa, na ga yadda ya kai hannu ya laluɓi madubin kamar mai shafa shi don sha'awa. Ya sunkuya. Rabona da in tsaya kusa da shi haka tun ban san kaina ba, har ina jin ƙanshin turaren rigarsa. Daidai nan iska ta taso ta zame mini mayafi, ni kuma a gaban dattawa, ban san lokacin da hannuna ya kai kaina na gyara ba.

Na ɗago ido. Can bakin zauren na hango babanku ya fito, tocila a hannunsa, ya ɓoye ta a bayan riga, yana gyaɗa mini kai wai ya cika aiki. Innalillahi! Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dattawa duk hankalinsu na kan Malam, ba wanda ya lura. Malam ya gyara tsayuwa, sannan ya ce:

"Ige, ce ma ta wajenki ta ja. Ga su nan ina gani."

Ba komai a cikin madubin nan sai duhu. Na fara ja. Ɗaya. Biyu. Muryata kamar ba tawa ba. Uku. Huɗu. Biyar, bai tsayar da ni ba. Shida.

"Tsaya. Sun ɓace."

Liman ya warware takarda ya ɗaga sama. Shida ce a rubuce. Wurin ya rikice da kabbara, wani yana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Liman ya juyo wajena yana murmushi.

"Malama, tsakaninki da Allah, Malam ya gani daidai?"

Ku tsaya nan ku ji, don nan ne duk abin yake. Abin da na zo nema ga shi an ɗora mini a tafin hannu. Da na ce a'a, ba wuta a gwangwanin, da Liman da Sarkin Noma sun sa shi a gaba, su ne kaɗai mutanen da ba zai iya yi wa musu ba, kuma da kafin azahar yana cikin mota. Kalma ɗaya ta isa ta ceci idonsa. Na dubi Malam. Yana tsaye ya dafa madubi, rawaninsa ya ɗan karkace, fuskarsa na kallon wani wuri da ba kowa. Na ga tsoho ne ƙwarai, ban taɓa lura ba.

Na ce, "Ya gani, Allah shi gafarta Malam. Daidai yag gani."

Sarkin Noma ya taso wai sai ya sake dubawa a shidan nan. Na yi wuf na rufe bakin madubi na ce batir ya mutu yanzun nan, Allah ya sa dai Malam ya riga ya gama. Ƙarya ta biyu ke nan cikin numfashi ɗaya, ni da nake dukan tebur ina gaya wa ɗalibai kada su kuskura su rubuta abin da ba su gani ba. Liman ya haɗa ni da Allah, na kuma amsa. Har yau ina neman gafarar wannan.

Da taro ya watse na shige ɗakin girki na zauna kan turmi na yi kuka mai isata. Na sayar da idon ubana don in saya masa kabbarar safiya ɗaya. Yanzu ma wa zai tunkare shi da maganar asibiti, bayan gari duka ya shaida ya fi kowa gani? Mai tsinke kuwa yana hanya. Gwaggo ta shigo ta tsaya a kaina, na ɗauka zagi za ta yi, sai ta ce in share fuska, Malam na kira.

Yana zaune a zaurensa shi kaɗai, ya cire rawani ya ɗora a gwiwa. Na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba.

"Ige, tambayi ta wajenki, wa yak kashe wutar?"

Gwaggo ta dube ni, na dubi ƙasa.

"Ba ni ganin layi, Ige. Amma da nis sa ido akwai ɗan haske, kamar wata cikin girgije. Sai yaɗ ɗauke. Na san an kashe, na kuma san ta sani, don na ji yadda taka ƙirga."

Gwaggo, da ba ta iya riƙe baki, ta ce to ƙaƙa aka yi ya san shida ce? Sai ga Malam yana dariya, ƙasa-ƙasa, har kafaɗunsa na motsi.

"Liman mai gaggawa na, Sarkin Noma mai nawa na. Shekara hamsin ina zama da su. Gaskiya kullum tsakaninsu taka kwana."

Dariyar ta tsaya. Ya shafa rawanin da ke gwiwarsa, ya ce damina biyu ke nan bai ga tauraro ko ɗaya ba. Yakan tsaya bayan masallaci ya fuskanci gabas don kada a gane, ya ba mutane amsa daga lissafi kawai, kullum yana roƙon Allah kada ya sa wani ya yi asarar iri. Ya ce da wutar ta ɗauke ya san an gano shi, ya ce a ransa bari ya faɗi lamba, in za a tona a tona a gama. Da Liman ya yi tambayarsa, ya ce, har ya riga ya sunkuyar da kai yana jiran faɗuwa.

"Ta samu wuƙa, ta samu wuya, ba ta yanka ba. To ce mata, wanda yar ruhwa ma asiri gaban mutane ba shi kai ka inda za ka wulaƙanta. Ta kai ni inda taka so. A sallami mai tsinke."

Sai na ji Gwaggo tana faɗin alhamdu lillahi tana fyace hanci da bakin zane.

Bayan kwana uku aka ce Malam ya tafi Bodinga duba ƙanwarsa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga gidan Gwaggo muka wuce da shi asibitin ido a birni, babanku a gaban mota, mu a baya. Likita ya duba ya ce na hagu an makara, ba yana kaɗai ba ce, jijiyar ta riga ta mutu, da an zo bara da wataƙila. Na dama kuwa za a gwada. Wannan "da an zo bara" ta daɗe tana cina. Da na kasance 'yar da ke iya zama kusa da ubanta ta dubi ƙwayar idonsa, da na gani tun bara. Ba na zagin al'adarmu, ita ta yi ni, amma ta ci mana ido ɗaya, kuma shi ya sa kuka ga ban yi wa Nasiru, ɗana na fari, kara ba, na kira sunansa tun ranar da aka raɗa masa, duk da surutun da dangi suka yi.

Aka yi aiki. Ya yi jinya a ɗakin Gwaggo, ni nake kawo abinci in ajiye a bakin ƙofa, Gwaggo ta shigar. Da aka cire bandeji aka ba shi tabarau mai kauri, bai ce yana gani ba, bai ce ba ya gani ba. In Gwaggo ta tambaya sai ya ce da sauƙi. Kwana goma muna cikin wannan zullumi, ni dai har na fara cewa a raina na daman ma ya bi ɗan'uwansa, yana ɓoye mana ne kamar yadda ya saba. Ran nan da safe na kawo koko, sai Gwaggo ta tare ni a tsakar gida.

"Ya ce a kawo gwangwani. Ya ce kuma ban da taro."

Babanku ya kawo, ya ajiye shi a ɗakin ajiyar Gwaggo, ya kunna, ya fice daga gidan gaba ɗaya. Na kafa madubi a can ƙarshen tsakar gida, jikin katanga. Tazarar ba ta kai ta Horo Birni ba, don haka ni kaina ban san inda layukan za su ɓace ba, balle a ce wani ya ba shi amsa. Malam ya fito ba sanda. Gwaggo ta ce wai ta bar tukunya a wuta, ta shige ɗakin girki, alhali ko hayaƙi babu. Muka rage mu biyu.

Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa, ya sa idon dama. Na murɗa masa a hankali har na ji ya ja numfashi. Na fara jan kwali, wannan karon ban ƙirga da baki ba, don kada in ba shi abin kamawa. Na wuce alama ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ya ɗaga hannu. Na sunkuya ta gefensa, ya ɗan ja baya, na leƙa. Ɗigon haske ne fari fes, ba layi ko ɗaya. Na mayar da kwali baya kaɗan, suka dawo. Na sake ja, suka tafi. A huɗun ne, ba ƙari ba ragi.

Na zauna a ƙasa nan gindin madubi, hawaye na zuba ba sauti. Shi kuwa ya koma ya sa ido. Ya kai hannu da kansa ya laluɓo kwalin, ya matso da tsagogin kusa, ya buɗa, ya sake matsowa, kamar yaro da sabon abin wasa. Ya daɗe a haka. Na tashi na kai hannu zan rufe, don likita ya ce kada ya wahalar da idon. Ban ji ya kira Gwaggo ba. Hannuna ya riƙe, idonsa na cikin madubi.

"Bari tukuna, ɗiyata. Ban gama gani ba."